Bakin uba a alƙalamin ɗa: aro da kuskure cikin littattafan ƴaƴan baƙi na Faransa

1. Gabatarwa

Manazarta adabi sun daɗe da yanke wa littattafan ƴaƴan baƙi na Faransa jigo guda: yaro ya tashi tsakanin al'adu biyu, ta gida da ta lakwal, ya zama jemage, shi ba tsuntsu ba shi ba dabba ba. Ɗalibanmu kan ɗauki wannan jigo yadda suka same shi, su auna kowane littafi da shi, su ƙare da cewa tauraron labarin ya rasa asalinsa. Ba mu musanta cewa akwai gaskiya a ciki ba. Sai dai maganar al'adu biyu tana sa mai karatu ya zaci ma'auni ne mai kwano biyu daidai wa daida, alhali kuwa littattafan nan da harshe guda aka rubuta su, watau faransancin lakwal, kuma masu wannan harshe aka rubuta wa. Saboda haka tambayar da za mu bi a wannan maƙala ta mai nazarin harshe ce: idan uba ya buɗe baki cikin labarin da ɗansa ya rubuta, da wane harshe ya yi maganar, kuma da wane harshe aka sa ta a takarda? Za mu fi tsayawa a kan Le Gone du Chaâba na Azouz Begag (1986), domin a nan ne matsalar ta fi fitowa fili, sa'an nan mu gwama shi da waɗansu.

2. Inda littattafan suka fito

Ƙidayar 1975 ta sami ƴan Aljeriya fiye da 700.000 a Faransa. Yawancinsu mutanen karkara ne da suka zo ƙwadago a wuraren gini da masana'antu, da niyyar su tara abin da ya samu su koma, kamar kowane ɗan ci-rani. A 1974 gwamnatin Faransa ta dakatar da shigowar sababbin ma'aikata, a 1976 kuma ta tsara ƙa'idojin da ma'aikaci zai bi ya kawo iyalinsa. Ci-rani ya koma zama. Ƴaƴan da aka haifa ko suka girma a can sun fito idon duniya a 1983, da tattakin neman daidaito da ƙin wariya, wanda ya tashi daga Marsai ran 15 ga Oktoba ya isa Faris ran 3 ga Disamba, inda mutane wajen 100.000 suka taru. A wannan shekara ce Mehdi Charef ya fitar da Le Thé au harem d'Archi Ahmed. Sunan beur da aka laƙaba wa matasan da adabinsu kalmar arabe ce aka birkita, da zaurancen unguwannin bayan gari da ake kira verlan. Alec Hargreaves (1991) da Michel Laronde (1993) sun yi bayanin wannan tarihi sosai, ba sai mun maimaita ba.

3. Bouzid da kalmominsa

An haifi Begag a Liyon a 1957, iyayensa mutanen yankin Setif ne. Chaâba unguwa ce ta bukkokin katako da kwano a bakin kogin Rhône, a Villeurbanne, kuma uban yaron, Bouzid, magini ne, shi ne kamar mai unguwa. Tun daga sunan littafin marubucin ya nuna inda ya dosa: gone kalmar mutanen Liyon ce mai nufin yaro, Chaâba kuwa daga larabci take. Mai karatu na Faris baƙo ne ga dukansu biyu.

Idan muka ƙirga harsunan da yaro Azouz ke rayuwa cikinsu, huɗu za mu samu. Akwai larabcin Setif da ake yi a gida, da faransancin titi na yaran Liyon, da faransancin lakwal, da larabcin rubutu wanda bai iya ba. Kowane babban rikici na labarin a kan iyakar biyu daga cikinsu yake faruwa. A darasin tsabta, Mushe Grand ya tambayi abin da ake wanka da shi, yaron ya amsa da kalmomin gida domin bai san cewa ba faransanci ba ne. Malamin bai wulaƙanta shi ba, amma daga ranar ya gane akwai kalmomin da ake tuɓewa a bakin ƙofar aji kamar takalmi. Da ya zo na biyu a jarrabawa, ƴan'uwansa da ke zaune a kujerun baya suka ce shi ba Balarabe ba ne. Da suka koma cikin gari, ya ce wa abokansa biyu Yahudawa shi ma Bayahude ne, har ya kai ga kau da kai daga mahaifiyarsa da ta zo ɗaukarsa a ƙofar lakwal. Daga baya wani malami, Mushe Loubon, Bafaranshe haifaffen Tilimsan, shi ya fara nuna masa haruffan larabci. Wannan wuri yana da nauyi ga mai nazarin harshe. Zaman harshe na sama da na ƙasa da Ferguson ya bayyana a 1959, wanda larabci na cikin misalansa huɗu, ya ninku a kan yaron: harshen gidansu yana ƙasan faransanci, yana kuma ƙasan larabcin littafi, har ya zama sai Bature ne zai gaya masa cewa abin da uwarsa ke yi kari ne.

Mu dawo ga uban. Begag yana rubuta maganar Bouzid ta hanyoyi biyu. Wani lokaci yakan juya ta zuwa faransanci na yau da kullum, mu kuwa mu gane da larabci aka yi ta. Wani lokaci kuma yakan kwaikwayi lafazinsa harafi bi harafi: p ta koma b, v ta koma b ko f, wasalin e ya koma i, o ya koma u, ƴar kalmar da faransanci ke sa wa gaban suna ta manne da sunan. Wannan rubutu na biyu shi ne abin da masu karatu ke tunawa, shi ke ba su dariya, shi kuma ake yawan kawowa misali a azuzuwa. Kuma ana kiransa gurɓataccen faransancin Bouzid.

A nan ne muke ganin an yi gaggawa. Tun Weinreich (1953) ake rarrabe abu biyu. Na farko shi ne kutsen harshen farko cikin na biyu, lokacin da mutum ke fama da harshen da bai ƙware ba. Na biyu shi ne aro, watau kalmar da ta shiga harshe ta zauna, ta ɗauki sautinsa da ƙirarsa, har wanda bai taɓa jin harshen da aka aro ta ba yana amfani da ita. Faransa ta shiga Aljeriya a 1830. Kafin Bouzid ya hau jirgin ruwa, larabcin ƙasarsa ya shekara fiye da ɗari yana aron kalmomin faransanci. Wanda ya ce likul yana nufin makarantar boko, ko bulisiya yana nufin ƴan sanda, ko tomobil yana nufin mota, larabcin Aljeriya yake yi, kuma daidai yake yin sa. Babu kuskure a bakinsa.

Mai karatu Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan. Mu ma mun manne ƴar kalmar gaban suna: l'école ta zama lakwal, l'impôt ta zama lanho, l'adjudant ta zama lajidan. Kafin faransanci mun yi wa larabci haka: labari, lahira, laifi, littafi, duka da al- ɗinsu muka haɗiye su, kuma ba wanda ke cewa Bahaushe ya kasa larabci don ya ce laifi. To, a ɗauki magidanci na Tasawa ya ce: «Na biya lanho, gobe in kai yaro lakwal.» Jimla ce cikakkiya, ta mutumin da ke riƙe da harshensa. Sai ɗansa ya zo rubuta labari da faransanci, ya fassara kowace kalma, amma ya bar biyun nan yadda kunne ya ji su: «J'ai payé lanho, demain j'emmène le petit à lakwal.» Me ya faru? Kalmomin ba su canza ba, jimlar da ke kewaye da su ce ta canza. Cikin jimlar Hausa ƴan gida ne. Cikin jimlar faransanci sun zama shaidar jahilci, domin mai karatu yana hango asalinsu a bayansu, yana auna tazarar. Fassarar da aka yi rabi ita ta mai da aro kuskure. Kalmomin da uban ya faɗa da larabci tsantsa sun narke cikin faransancin ɗan, ba a ganin su. Waɗanda suka rage a fili su ne kawai waɗanda Bafaranshe zai ji kamar nasa ne aka lalata.

Ba kowane wuri ne haka ba, kuma dole mu yi wa Begag adalci. Akwai inda Bouzid ke magana da Bafaranshe, da faransanci, kuma a nan kwaikwayon lafazi gaskiya ne. A ƙarshen littafin, lokacin da ake tashin su daga gidan haya zuwa unguwar La Duchère, wakilin masu gidan ya tambaye shi yaushe zai koma ƙasarsu, shi kuwa ya amsa da ɗan faransancinsa cewa abin na hannun Allah, wataƙila baɗi. Duk tarihin ci-ranin da ya ƙi ƙarewa yana cikin wannan amsa, kuma da an gyara mata nahawu da ta mutu. Abin da muke suka shi ne rubutu iri ɗaya da aka yi wa hali biyu mabambanta. Mutumin da ke ba da umarni a gidansa cikin harshensa, da mutumin da ke lallaɓa harshen wani a gaban mai iko, harafi guda aka ba su, mai karatu kuwa ba shi da hanyar rarrabe su.

Za a ce mana marubucin ya san da haka, kuma hujjar tana bayan littafin. Lalle Begag ya rataya ƙananan ƙamusoshi a ƙarshe: bayani a kan lafazin Bouzid, jerin kalmomin mutanen Setif, da jerin kalmomin mutanen Liyon. Dabara ce mai kyau. Da ya jera karin Liyon kusa da na Setif, ya nuna cewa daidaitaccen faransanci ma yana da baƙi a cikin gidansa, ya kuma yi wa malaman nahawu shaguɓe ta hanyar aron rigarsu. Raha ce ta ɗa mai son ubansa, ba ta mai raini ba. Amma ƙamus kalmomi yake ceto, ba ya ceton zance. Mun rufe littafin mun san yadda Bouzid ke furta sunan talabijin, ba mu san yadda yake jera hujja ba, ko yadda yake sasanta maƙwabta biyu, ko irin karin maganar da yake rufe bakin abokin gardama da ita. Mutum ne da unguwa guda ke saurara, amma abin da ya sa ake sauraronsa bai shiga takarda ba. Da kalmomin Bourdieu (1982) za mu ce an kai hajarsa kasuwar da ba a san kuɗinta ba.

Kada mu ɗauka wannan laifin Faransawa ne su kaɗai. Wasannin kwaikwayonmu na rediyo da talabijin sun daɗe suna cin abinci da Hausar Buzu da ta Bafillace, kuma harshen da ya mai da sunan wata al'umma sunan maganar da ba a fahimta, watau gwaranci, ba shi da bakin yi wa wani gori.

4. Waɗansu hanyoyi

Adabin Afirka na faransanci ya riga ya gwada hanyoyi biyu kafin a haifi wannan. Cheikh Hamidou Kane, a L'Aventure ambiguë (1961), ya fassara fulatancin manya gaba ɗaya zuwa faransanci mai daraja, har Grande Royale, wadda ba ta taɓa zama a aji ba, tana magana kamar masanin falsafa. Mutuncinta ya tsira, sautin harshenta ya ɓace. Ahmadou Kourouma, a Les Soleils des indépendances (1968), ya tanƙwara faransancin kansa ya bi ƙirar malinke, don haka baƙuncin ya koma kan harshen littafin, ya sauka daga kan mutanen cikinsa. Me ya hana ƴaƴan baƙi bin sawun Kourouma? A ganinmu amsar tana ga yanayin koyon harshe. Kourouma ya girma cikin malinke cikakke, na fada da na kasuwa da na maharba. Yaron Chaâba kuwa larabcin da ya samu na tsakar gida ne: aike, faɗa, kiran abinci, addu'a. Bai taɓa ganin ubansa a dandalin ƙauyensu tsakanin sa'o'insa ba. Ba a tanƙwara harshe zuwa ƙirar da ba a mallaka ba. Giɓin da ke cikin littafin hoton giɓin da ke cikin gidan ne, kuma wannan ya sa sukarmu ba ta rage wa littafin daraja a matsayin shaida.

Charef ya kauce wa matsalar ta hanya mai ɗaci: uban Madjid ya faɗo daga rufin da yake aiki a kai, ya taɓu, ya daina magana irin ta manya. Uwar, Malika, ita ke faɗa, ɗan kuwa yakan nuna bai ji larabcin ba. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne sunan littafin. Wani ɗalibi, Balou, aka ce ya rubuta ka'idar Arkimidis a allo, sai ya yanka sautin da ya ji zuwa kalmomin da ya sani: shayi, da ɗakin mata, da Ahmed. Ajin ya fashe da dariya. Amma abin da yaron ya yi aiki ne na kunne mai lafiya, wanda ya sami jerin sauti marar ma'ana ya nema masa ma'ana. Charef ya ɗauki abin da aka yi wa dariya ya sa shi a bangon littafi. Da aka mai da labarin fim a 1985, sunan ya koma kusa da Arkimidis.

Littafin da ya fi kowane zurfi a kan wannan batu, a ra'ayinmu, shi ne Georgette! na Farida Belghoul (1986), ko da yake bai sami rabin karɓuwar na Begag ba. Yarinya ce ƴar shekara 7, ba a faɗi sunanta ba. Sunan da ke bangon littafin ba nata ba ne. An ba ta aikin gida. Ubanta ya buɗe mata kaye daga ɓangaren dama, inda mai rubutun larabci ke farawa, a nan aka yi aikin. Malama ta buɗe daga hagu, ta ga farar takarda, ta yanke cewa ba a yi kome ba. Yarinyar tana tsaye, ta san rubutun na nan, ta kuma san cewa idan ta nuna shi ta tona ubanta, idan ta yi shiru ta ɗauki laifin. Duk wanda ya fara da allo da tawada kafin ya riƙe alli ya san wannan kaye. Abin da Belghoul ta yi shi ne ta ɗauke matsalar daga baki ta mai da ita ga ido. Uban bai yi kuskure ba, ƙa'ida ya bi; malamar ma ƙa'ida ta bi; amma ɗaya daga cikinsu ce ke riƙe da jan biro. Rubutun uban yana cikin kayen, cikakke, mai dubawa ce ba ta juya ba. Wannan shi ne ainihin abin da muka ce ya sami kalmomin Bouzid, sai dai a nan littafin ya san da shi, ya kuma gina kansa a kai. Mai karatu Bafaranshe da ya buɗe Georgette! daga hagu, a wurin malamar yake zaune, kuma marubuciyar ba ta bar shi ya manta ba. Ga shi kuma ta ƙi ba da mafita: labarin bai wuce tunanin yarinyar na yini guda ba, yana kai da kawo, yana ƙarewa da mota a kan titi. Babu sakamakon jarrabawa mai faranta rai irin wanda Azouz ya samu a hannun Mushe Loubon.

Bayan shekara 18, Faïza Guène, haifaffiyar 1985, ta fitar da Kiffe kiffe demain (2004). Alkiblar aro ta juya. Kalmomin larabci sun shiga faransancin matasa sun zauna, har sunan littafin wasa ne tsakanin kif-kif, mai nufin duk ɗaya, da aikatau kiffer, mai nufin so, dukansu daga larabci. Yanzu faransanci ne ke aro, kuma ba mu ji an kira shi gurɓataccen larabci ba. Uwar Doria, wadda ke sharar ɗakuna a otal, ta shiga ajin yaƙi da jahilci, labarin kuma yana ɗaukar wannan a matsayin hasken da ya fara ɓullowa. Muna taya ta murna, amma muna lura cewa har yanzu sai uwa ta taka zuwa harshen ƴar kafin a ji ta. Guène da kanta ta koma ga wannan a La Discrétion (2020), inda ta ba uwa, Yamina, tarihinta tun daga Aljeriya.

Marubutan zango suna gaban wannan zaɓi. Mohammed Naseehu Ali, ɗan Kumasi, da turanci ya rubuta The Prophet of Zongo Street (2005), kuma duk jikan Bahaushe na Akara ko na Sudan da zai rubuta gidansu da harshen makaranta sai ya yanke shawarar yadda kakarsa za ta yi magana a takarda. Batu ne da ya cancanci maƙala tasa.

Alice Zeniter, a L'Art de perdre (2017), ta bi zuriya uku na iyalin Kabilawa da suka bar Aljeriya a 1962 domin an lissafta kakan cikin waɗanda suka tsaya wa Faransa. Tsarin da masana zaman harshe cikin al'umma suka sani ne, na ɓacewar harshe cikin zuriya uku: Ali yana da harshen gida, ɗansa Hamid yana da biyu, tun yana yaro shi ke karanta wa manya takardun hukuma, sa'an nan ya ƙi miƙa na farkon, jika Naïma faransanci kawai gare ta, ita da kakarta Yema ba su da kalmomin da za su yi doguwar hira. A wannan littafi ne uban farko ya sami abin da Bouzid bai samu ba. Kashi na farko gaba ɗaya nasa ne: mun ga Ali a kan tudunsa, mai gonakin zaitun da matsar mai, mutum mai faɗa a ji, ana ba da tunaninsa da faransanci cikakke irin na Kane. Sai a sansanin Rivesaltes da masana'antar Normandi ne muka ga bakinsa ya mutu, kuma da yake mun san shi tun yana da baki, mutuwar ta zama asara a idonmu, ba ta zama abin dariya ba. Sai dai a lura da wanda ya ba shi wannan murya. Ɗan, mai jin harshen, shiru ya yi. Jikar da ba ta ji ba ita ta sake gina kakan daga littattafan tarihi da takardun ajiya da zato, kuma mai ba da labarin tana faɗar haka a fili a wurare da dama.